Sunan Ɗanbala Gola a Bango

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Alhaji Idris ya tsare ni a bakin kasuwa, wai akwai zaman kwamiti ran Alhamis, kuma bana sunan Ɗanbala gola aka kawo. Na yi dariya har ya ji haushi. Bangon nan na filin ƙwallo, da ƙungiyarmu ta tsofaffin 'yan wasa ke ƙara wa suna ɗaya duk shekara, ba allon firamare ba ne da kowa zai zo ya yi zane. Ni na rubuta ƙa'idar da hannuna: ko ka ci ƙwallo ɗari, ko ka ɗaga kofin gari. Ɗanbala ya yi shekara goma sha tara yana tsare wa Gangaren Tudu raga, ko kofin shayi ba su ɗaga ba.

Ni kaina casa'in da bakwai na ci wa Angwan Iya. Sunana ba ya bangon, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Sai matata Paulina.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mu uku ne a kwamitin. Alhaji ya ce a sa shi. Abdulrahman ya ce a'a, wai wayo ne ba gwaninta ba. Gaisuwar yake nufi. In za ka buga fenariti, sai Ɗanbala ya tako daga raga da fara'a: "Malam, ina wuni? Ya iyali? Ya jikin Baba?" Kai kuma ɗan mutunci ne, ba ka iya share gaisuwa a gaban jama'a. Kafin ka gama lafiya lau, ka manta kusurwar da ka zaɓa.

Saura ƙuri'ata. Sun ba ni mako biyu in duba littattafan wasannin gari da nake rubutawa tun 1981. Na san amsata, amma tsohon malamin lissafi ba ya ba da maki bai duba takarda ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Na fito da littattafan daga akwati. Gara ta cinye 1984 kusan duka. Paulina ta ce, "Baban Judit, ko ranar aurenmu ba ka rubuta da kyau haka ba." Gaskiyarta.

Lahadi, 12 ga Mayu

Bayan sujada na kama Manasseh a ƙofar coci. Ɗari da talatin da ɗaya ya ci, sunansa ne na biyu a bangon. Na tambaye shi nawa ya zura wa Ɗanbala. Ya ɗaga yatsu biyu. "Ɗayar ma a gwiwa ta buge ni, ban sani ba."

Ya ce akwai ranar da ya toshe kunnensa da auduga don kada ya ji gaisuwar. Da Ɗanbala ya gani, sai ya durƙusa a kan layi, ya dunƙule hannu yana jinjina masa kamar ya zo gaida suruki. Dariya ta ƙwace wa Manasseh, ya aika ƙwallon cikin gonar rogo. Mun yi ta dariya har mata suka fito daga taron zumunta suna kallonmu. Rabon da in yi irinta na manta.

Laraba, 15 ga Mayu

Ruwa tun safe. Gwiwa. An ci Ɗanbala ƙwallo 296, ban da na shekarar da gara ta cinye. Sun yi yawa.

Juma'a, 17 ga Mayu

To, amma a wasa 371 ne. Bai kai ɗaya a kowane wasa ba, alhali 'yan bayansa ko akuya ba sa iya tarewa. Fenariti 58, talatin da ɗaya ba su shiga ba. Na sake lissafawa sau biyu ko zan sami kuskure. Ban samu ba.

Talata, 21 ga Mayu

Na kai babur wurin facin Ɗanbala a Gangaren Tudu. Tayar ba ta yi wani laushi ba, amma dai. Ya tsufa. Yatsunsa babu guda biyu da ke kallon wuri ɗaya, duk ƙwallo ta karya su, amma yana zare tiyub kamar wasa.

Ashe ya ji labari. "Malam Jethro, kada ku wahalar da kanku. Bangon na masu ci ne, mu masu hanawa ne."

Na tambaye shi kai tsaye ko gaisuwar wayo ce. Ya ce rabi da rabi. Wai tsoro yake ji, in ya gaishe ka sai ka koma mutum a idonsa, ba ƙafa ba. Sauran rabin kuma, kana amsawa yana kallon ƙafar da ka jingina a kai. "Kai kuwa, in ka sosa kunne, hagu za ka buga. Kullum." Shekara talatin da wani abu babu wanda ya gaya mini. Na so in ji haushi, sai na ji kaina ina dariya, ya sa aka kawo mana kunun aya. Da zan tafi ya ce jikokinsa ba su yarda ya taɓa buga ƙwallo ba, ba shi da ko hoto ɗaya. Ya faɗa da murmushi, yana kallon taya.

Laraba, 22 ga Mayu

Na duba nawa. Sau shida na buga masa fenariti, ɗaya ta shiga. Casa'in da bakwai a tara da biyar. Ban rubuta amsar ba, na rufe littafin.

Paulina ta ce, "To ai ka ga wanda ya hana ka hawa bangon." Na ce tuwo ya huce.

Alhamis, 23 ga Mayu

Biyu da ɗaya. Na ce musu ƙa'idar ce ke da gyara, wanda ya rubuta ta ɗan gaba ne, bai san abin da ake yi a ɗaya ɓangaren fili ba. Abdulrahman ya ce, "Ai kai ne." Na ce na sani. Shi ma daga baya ya ba ni hannu. Alhaji har da tafi.

Lambobi na bi, ba wani abu ba.

Asabar, 1 ga Yuni

Yau aka rubuta. Na je da wuri don dai in ga aiki. Mai fenti ya sa DANBALA, babu ƙugiya a kan harafin farko. Na ce ya gyara, ya ce ai duk ɗaya ne. Na karɓe burushin, na hau benci da wannan gwiwar, Manasseh na riƙe da ni ta baya yana cewa in na faɗo babu gola a kusa. Na sa ƙugiyar da kaina. Ta ɗan karkace.

Ɗanbala ya zo da jikoki huɗu da sabuwar riga. Ya daɗe a tsaye, ya kasa gaida kowa, sai ya riƙe hannuna da karkatattun yatsun nan, bai sake shi ba har aka gama hoto.

Ba na son kuskuren rubutu ne kawai. Koren fenti ya ɓata mini hannun rigar coci. Paulina ta ce in kawo ta sa kananzir ta wanke. Na ce ta bar shi tukuna.