Zuwa ga Inna, Kan Ƙafar Surukinki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina roƙon Allah ya yalwata miki makwanci. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan yadda take a duk faɗin Kibiya, sai ke.

Inna, surukinki ba shi da lafiya. Ciwon daji ne, a ƙashin cinya. Na rubuta, ina kallon rubutun kamar ba hannuna ne ya yi ba.

Kin tuna ranar da aka kawo masa wani ingarma daga Rano don ya hora shi, wanda ya gagari kowa? Kina leƙe ta katanga kina salati, dokin yana tsalle da shi, shi kuwa ko gezau. Da ya sauko kika ce mini, “Wannan mijin naki ƙashinsa ƙarfe ne.” Ƙashin nan ne fa, Inna.

Da damina cinyar ta kumbura. Muka ɗauka harbi ne, don wani ɗan doki ya taɓa shi a wajen. Mai ɗori ya shafa ya ɗaure, kumburi sai gaba yake yi. A asibiti a Kano aka yi hoto, aka ɗebi tsoka, sannan likita ya zaunar da mu ya faɗa. Ina ganin bakinsa yana motsi, kunnena ya toshe. Surukinki kuwa abin da ya fara tambaya shi ne ko za mu sami motar Kibiya kafin lokacin shayar da dawakai.

Aka fara yi masa ƙarin ruwan maganin da suke kira kemo. Ban taɓa sanin magani na iya yi wa mutum haka ba. Amai, rama, gemunsa ya zube a tafin hannuna ina goge masa fuska. Mutumin da ke saɓa buhun dusa shi kaɗai, yau buta sai na riƙe masa.

Ga kuma dawakan mutane a turke, su ba ruwansu da jinya. Ƙanensa Habu ne ke hawa, ni ke jiƙa dusa da kanwa, in zuba harawa, in kwashe barga. Ni da kika sani, wadda ko akuya ta zaburo sai na gudu. Shi kuma yana zaune a gindin darbejiya yana gyara mana kuskure da murya ƙasa-ƙasa. Wasu masu dawakan sun zo dubiya, suka tafi da dabbobinsu. Ban ga laifinsu ba, amma na ga idonsa yana bin su har suka sha kwana.

Abin da ya fi girgiza ni, Inna, shi ne Akawal, baƙin dokin da ya raina tun yana jariri. Ya dogara sanda ya je ya miƙa masa hannu. Dokin ya shinshina, ya kwantar da kunnuwa, ya ja da baya. Habu ya ce warin magani ne. Surukinki ya koma ɗaki ya juya wa bango fuska har la'asar.

Bayan duk wannan wahala, likita ya ce maganin bai ci ƙarfin ciwon ba, sai an cire ƙafar kafin ya bazu. Surukinki ya ƙi. Ya ce gara a kai shi kabari da gaɓoɓinsa cikakku. Na yi kuka, na yi lallashi, na sa yayyensa baki. Da na gaji na ce masa yaranmu ba ƙafa suke kira Baba ba. Ya dube ni.

Jiya da hantsi ya sa aka ɗaura wa tsohuwar goɗiyarsa sirdi. Habu ya ɗaga shi ya ɗora, ni na riƙe ragama. Muka zaga filin bayan gida a hankali, ƙafafunsa biyu cikin likkafa, gumi na keto masa saboda azaba. Bai bari mun tsaya ba sai da muka dawo inda muka faro. Da aka sauke shi, ya daɗe yana shafa wuyanta, sannan ya ce, “Zulai, ki kira likita. Na yarda.”

Jibi za mu tafi Kano. Har yanzu ban gaskata ba, amma na wanke masa kaya na ninke.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki. Ya tashi kafaɗar surukinki, ya ba ni ƙarfin da zai dogara da shi.

'Yarki da ke kewarki,
Zulaihatu