Ba Rabon Daddawa Na Tura 'Yata Turkiyya Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu, Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kafin in zo kanka, ranka ya daɗe, bari in ja kunnen duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa. Idan ɗanka ko 'yarka za su tafi karatu ƙasar waje, ka tsaya a kan kayansu da ƙafarka har a rufe akwati. Kada kunya ta sa ka karɓi ƙunshin kowa. Ni na ga abin da ƙullin daddawa ya kusa yi wa karatun 'yata.

Bayan haka, ina gaishe ka, ina gaida 'yan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Hauwa'u, matar Malam Garba, ina da shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ni ce mahaifiyar Safiya, wadda ta samu tallafin karatun haɗa magunguna a wata jami'a da ke birnin Konya a ƙasar Turkiyya. A gaban jama'a ka ambaci sunanta, shi ya sa ni ma na rubuto inda jama'a za su gani.

Na farko. Da tafiyarta ta matso bara, ƙungiya ta yi mata walima, kuma har gobe muna godiya. Amma a wajen walimar ka karɓi lasifika ka sanar cewa duk mai ɗan'uwa a Turkiyya ya kai saƙonsa ofishin ƙungiya, Safiya za ta tafi da shi. Ba ka tambaye ni ba, ba ka tambayi mahaifinta ba. Ranar tafiya, motar Kano tana tsaye a ƙofar gida, sai ga direbanka ya sauke wata ƙatuwar jaka: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, man shanu, turaren wuta, har da huluna, kowane ƙulli da sunan mai shi. Na kira ka a waya na tambaye ka ina masu kayan suke zaune. Ka ce ai duk wuri ɗaya suke, yini guda ya ishe ta rabawa. Don jakar nan ta samu shiga jirgi, Safiya ta cire bargo da rigar sanyin da na saya mata, ta ba ƙaninta ya dawo da su gida.

Na biyu. Ranka ya daɗe, Turkiyya ƙasa ce guda, ba tsakanin Samaru da Palladan ba ne da za a tare ɗan acaɓa a je a dawo kafin la'asar. Wani yana Ankara, wani Bursa, wani Izmir, wasu Istanbul, wadda nisanta da makarantarsu ya kusa daga nan zuwa Maiduguri. Tun ba ta gama gane hanyar ajinsu ba waya ta fara ƙara. Kowa tambaya ɗaya yake yi: yaushe za ki kawo? Babu wanda ya ce zai zo ya karɓa. Ni kuwa na tarbiyyantar da ita a kan ba a musu da babba, sai ta riƙe wannan ta manta da kanta.

Haka ta koma 'yar aike. Ranar Juma'a tana fitowa daga aji sai tashar mota, Litinin ta dawo da kumburarrun ƙafafu. Kuma ranar Litinin da safe suke shiga ɗakin gwaje-gwaje, inda ake koya musu awo da haɗi. Can ba a san uzuri ba, lokaci na cika ake rufe ƙofa. An rufe mata ƙofar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har malamarsu ta kira ta ofis ta gaya mata a fili cewa idan ta sake rasa aji ta faɗi darasin, idan kuwa ta faɗi za a janye tallafin, ta tattara ta koma gida.

Ina so ka san cewa tafiya biyu daga ciki ta ƙaninka ce, mai kasuwanci a Istanbul. Ta kai masa man shanu ta tarar ya yi tafiya bai gaya mata ba. Ta nemi ta bari a shagonsa, ya ce a waya kada ta ba kowa, amana ce, ta dawo wani makon. Man shanu amana ne, karatun 'yar mutane ba amana ba ne?

Na uku, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Duk wanda ya karɓi saƙonsa sai ya ɗauki hoto da ita ya tura zauren ƙungiya na waya, ya rubuta saƙo ya iso, an gode. Yau Safiya a wannan gari, jibi a wancan. Sai ga shi a taron bayan babbar sallah ka miƙe ka ce an tura Safiya karatu amma kowane mako tana wani gari, iyaye su yi hattara da tura 'ya'ya mata waje, har ka kawo shawarar ƙungiya ta daina rubuta wa 'yan mata takardar goyon baya. Maƙwabciyata Mama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare, tana wurin. Daga taron ba ta biya gida ba, shagona ta zo ta kwashe komai ta gaya min. Ita ma ta aika wa ɗanta yaji a cikin jakar nan, kuma a gabana ta kira shi ta wanke shi tas.

Da ka buɗe hotunan ka duba da kyau, ranka ya daɗe, da ka ga leda a hannunta a kowane ɗaya. Ledar da ta fito daga ofishinka.

Na huɗu, ga abin da na yi. Na kira Safiya na ce ta gaya min gaskiya, ta yi ta kuka ta zayyana min komai. Na ce mata daga yau ƙafarta ba ta sake taka tasha. Washegari na rufe shago, na bi gidajen masu saƙo ɗaya bayan ɗaya, daga Samaru har Muchia da Chikaji. Na gaishe su yadda ya kamata, sannan na ce kowa ya gaya wa ɗan'uwansa cewa kayansa suna ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai ranar Asabar, kuma abin da ya kai ƙarshen wata ba a ɗauka ba tukunya zai shiga. Wasu sun ɗaure fuska, wata ta ce ban san zumunci ba. Na ce mata Allah ya ba mu alheri.

Sai ga ikon Allah. Mutanen da ba su da lokaci duk suka samu lokaci. Ƙaninka da kansa ya tuƙo mota ya zo ya karɓi man shanunsa. Ashe hanyar da ta kai yarinya wajensu tana iya kawo su wajenta. Kuka da daddawar da suka rage kuwa ta dafa wa abokan ɗakinta miya. Ta ce wata 'yar Sudan ta nemi ƙari, wata Baturkiya ta tashi ta buɗe taga.

Tun daga ranar ba a sake rufe wa 'yata ƙofa ba. Da malamarsu ta ga ta dawo hayyacinta, ta bar ta ta rama ayyukan da suka wuce ta a ranakun Asabar ɗin da a da take ƙarewa a mota. Ta ci darasin, ta ci sauran duka, tallafinta yana nan daram. Bana ma tana cikin waɗanda aka zaɓa su riƙa nuna wa sababbin ɗalibai yadda ake aiki a wannan ɗaki da ake rufe mata. Alhamdu lillahi. Har yanzu takan yi tafiya wani ƙarshen makon, amma tare da 'yan ajinsu da malamansu, su je masana'antar magani ko tsaunukan da ake tsinko ganyayyaki, kuma sai ta nemi iznina. Idan ka ga hotonta yanzu, littafi ne a hannunta.

Ni sakandare kawai na gama, amma na san zumunci ba shi ne ka ɗora wa 'yar wani nauyin da ba za ka ɗora wa taka ba. Na kuma san babba ba ya aiken yaro, sannan ya juya ya zarge shi da yawo.

Don haka ina roƙon abu uku. Ka janye maganarka a taro irin wanda ka yi ta, da lasifikar da ka yi ta. A jefar da shawarar hana 'yan mata takarda, domin akwai yara masu ƙoƙari a layinmu da ke jiran nasu rabon. Sannan ƙungiya ta daina tara saƙo a kan ɗalibi. Mai son ɗan'uwansa ya sha miyar kuka ya san inda ake aika kaya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya taya ka riƙon jama'a, ya ba 'ya'yanka ilimi mai amfani, ya kare su daga harshen mutane.

A ƙarshe ga dokar gidana, na faɗa wa Malam ya amince, na faɗa wa yara sun ji. Duk ɗan gidan nan da zai tafi karatu, ko Turkiyya ce ko nan Kaduna, kayansa kawai zai ɗauka. Wanda ya kawo saƙo za a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a gaisa, sannan ya koma da ledarsa.

Wassalam.

Hauwa'u, mahaifiyar Safiya,
Samaru, Zariya.