Itacen Wankan Hadiza

Yaya Sani, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali da zaman Fatakwal? Mu a Zango lafiya lau.

Hadizata ta haihu a Magarya ta Nijar, namiji, amma ba ta zo goyon ciki ba. Tun da sojoji suka karɓi mulkin Nijar manyanmu suka rufe iyaka, wai sai an mayar da shugaban da suke so. Ina ruwanmu da wanda ke mulkinsu? Itacen jego da na tara yana nan jibge. Haihuwar fari, ina raye, surukarta ke mata wanka!

A gaida yara. Ka taya ni addu'a a buɗe kafin arba'in, ko wanka ɗaya in yi mata da hannuna.

Ƙanwarka, Rabi.