Kalmar da Inna Take Ji "Salati"

Zuwa ga mahaifina, Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da za ka karanta, da tuni ka zaro jan biro daga aljihun gaba ka fara zagaye kurakurai tun daga layin farko.

Dalilin rubuto maka shi ne in miƙa aikin gida da ka ba ni tun ina aji uku a sakandare. Na makara ƙwarai, amma na gama.

Ka tuna kalmar, ai ba sai na tuna maka ba: celerity. A zaure ka koya mini ita bayan la'asar, kana ɓare gyaɗa. Ka ce Bature yana da kalmomin sauri da yawa, speed ta kowa da kowa ce, har ɗan acaɓa ya san ta. Wannan kuwa ta rubutu ce, ta manyan takardu. Suna ce ba sifa ba, kuma galibi with ke shige mata gaba. Ma'anarta a yi abu da hanzari, ba jan ƙafa, ba kuma rawar jikin da ke ɓata aiki ba. Sannan ka ce in sa ta a jimla ɗaya tak, daidai, in kawo maka.

Na ruga na rubuto: The lorry is very celerity. Ka yi dariya har hularka ta karkace. Na koma na sake, garin sauri na cusa mata harafin b a tsakiya, ta zama celebrity. Ka ce na tafi neman hanzari na dawo da tauraron fim.

A karo na uku na rubuta: I ate my tuwo with celerity. Ka daɗe kana kallon takardar. Ka ce nahawu ya yi, amma na sa wa kalma babbar riga na tura ta ban ruwa. "Ki bari sai kin sami al'amarin da ya kai nauyinta," haka ka ce, ka mayar da biron aljihu ba ka ba ni maki ba.

Abin dariya, Baba, kai ne ka fi kowa karya wannan doka. Da ka yi ritaya daga koyarwa ka koma gonarmu ta bakin kanal a hanyar Bunkure, can ka tafi da Turancinka. Lokacin tsinkar tumatir, motar kudu na jira a bakin titi, rana na dukan kwanduna, sai ka tsaya a kan kunya da wando a naɗe kana ɗaga murya: "With celerity!" Na ce maka ba kai ka ce ta rubutu ce ba? Ka ce wanda ya ci alli shekara da shekaru an yafe masa.

Ranar da Inna ta fara jin ka, ta aiko ni ne da fura, ita kuma ta biyo baya da kwanon ɗumame. Tana jin ka kwaɗa kalmar sai ta tsaya cak, ta ce, "Sallallahu alaihi wa sallam." Salati ta ji ka ce. Ka zauna ka yi mata bayani tiryan-tiryan, har da rubutu a ƙasa da tsinke. Ta saurare ka tsaf, ta ce to ai duk abin da za a yi da sauri gara a yi shi da salati.

Daga ranar kalmar ta fi ƙarfinka. A gidanmu ba a cewa yi maza, sai dai "yi da salati". Masu tsinkar tumatir suka ɗauka, masu ɗaurin kwando suka ɗauka. In ka yi kiranka daga wancan gefen gona, sai ka ji an amsa da salatin Annabi daga wannan gefen, hannuwa kuma su ƙara sauri. Kana ƙunƙuni wai an ɓata maka Turanci, amma na sha ganin kana murmushi.

Aure ya kai ni Ilori, ni ma na zama malamar Turanci. Duk sanda na kira ka, bayan ka tambayi mai gidan da yara, sai ka ce, "Ina jimlata?" Na kawo jimla a kan masu kashe gobara, na kawo wata a kan alƙali da shari'a. Kullum amsarka guda ce: "An kusa." Na gane daga baya ba kuskure kake gani ba. So kake a bar abin a buɗe, don a sami abin tsokana a kira na gaba.

Sai ranar nan, ana tsakiyar kakar tumatir. Yaya Auwalu ya kira ni da sassafe, ya ce ka dawo daga masallaci ka zauna a kan dadduma, ba ka sake tashi ba.

Abu ɗaya na roƙa, Baba. Na sa aka ba ƙaninka Baffa Sani waya, na ce don Allah a jira ni in ga fuskarka. Rabona da kai tun ƙaramar salla. Ban nemi komai ba sai in ɗaga mayafin in dube ka, in yi maka addu'a a kusa. Baffa ya ce ka sha faɗa musu, in ta Allah ta kasance kada a jira kowa, ko da 'yar lelenka ce. Ya ce in yi haƙuri.

Ban haƙura ba, na shiga mota. Direba yana ta gudu, ni ina ganin kamar ba ma motsi. Ba mu kai Jebba ba Yaya ya sake kira, ya ce sun dawo daga maƙabarta. Daga nan gudun motar bai ƙara yi mini amfanin komai ba.

Sai washegari da hantsi na iso. Da muka wuce Kura muka saki titi, na ga ruwa na tafiya a kanal kamar kullum. Na hango gonarka ta yi ja wur, kwanduna a kife, ba kowa a ciki. A zaure na tarar da Baffa cikin masu zaman makoki, na gaishe shi a tsaye na wuce. Ina jin haushinsa, Baba, haushi mai tsanani. Gani nake ya ƙwace mini abin da ba wanda zai iya mayar mini.

Inna tana ɗaki a kan tabarma, ta fara takaba. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta ba ni labari. Ta ce kafin rana ta yi zafi gida ya cika. Masu tsinka suka bar tumatir a gona, ga mota na jira, suka ɗauki diga da shebur suka nufi maƙabarta. Tsofaffin ɗalibanka suka zo daga Bunkure da Dawakin Kudu, wasu da furfura. Tela ya ɗinka likkafani a tsaye. Ba wanda aka kira sau biyu, ba wanda aka ce wa yi kaza.

Sannan ta matse hannuna ta ce, "Rabi, kada ki riƙe Baffanki. Yadda mahaifinki yake so aka yi masa. Da salati aka wanke shi, da salati aka kai shi."

Ban san wanne take nufi ba, naka ko nata. Ban tambaya ba, don duka biyun gaskiya ne. Dariya ta kuɓuce mini, kuka ya biyo ta, muka rungume juna muka yi ta yi. Da na share fuska na fita zaure, na durƙusa na gaida Baffa yadda ka koya mini.

Har yau ban daina jin ciwon rashin ganin fuskarka ba, kuma ba na jin zan daina. Amma na daina ganin laifin kowa.

To ga jimlarka, Baba:

My father was buried with celerity.

Ka duba da kyau. Suna ce, with na gabanta, babu b a ciki. Al'amarin kuma ya kai nauyinta, har ya fi. Da na san da wannan zan ci jarrabawar, da na zaɓi in yi ta faɗuwa kana cewa an kusa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda jama'a suka yi hanzarin kai ka, Allah Ya sa rahamarSa ta riga su isa. Ya ba Inna haƙuri, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna, in gan ka ba tare da an ce na makara ba. Amin.

Wassalam.

'Yarka mai jiran maki,
Rabi