Haushin Duna da Mutuncin Kande

Zuwa ga uwargidana, 'yar Koona, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke muna nan lafiya. Gero ya shiga rumbu, awakinki sun ƙaru. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan bokon da na tsinta a makarantar yamma bayan furfura ta riga ta kama ni. Na san mutanen gari za su karanta a portabul, wato wayar hannu, har da waɗanda maganar ta shafa. Su karanta. Ni da ke nake.

Albishirinki. Zuwaira, matar babban ɗanki, ta sauka lafiya. Mace aka samu, ja wur, da gashi cunkus. Uban nata kin san ban taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, kunyar ɗan fari ta hana. Wannan kuwa babu kunya tsakanina da ita. Na yi amarya, uwargida, sai ki yi haƙuri. Ranar da aka faɗa mini, na fita raba goro da takalmi wari guda ban sani ba.

Sai dai farin cikin ya zo da ƙura, kuma daga Duna ta taso.

Kin tuna shi, baƙin kwikwiyon da kika tsinto a hanyar Maijirgi, kika ce zai tsare miki awaki. Bayan tafiyarki, wata iskar damina ta ɗage kwanon rumfar awaki ta maka a kansa. Jikinsa bai ji ciwo ba, amma tun ranar ya tsani ƙara. Tsawar hadari, moto, injin niƙa, duk wanda ya ji sai ya kama haushi jiki na rawa, wutsiya tsakanin ƙafafu. Muka saba, muka daina kula.

Daga ranar haihuwa abin ya zama wani iri. Safe da la'asar Duna ba ya rufe baki. Jaririya ta firgita ta tsala kuka, mai jego ta kasa runtsawa. Kin sha ce mini, “Malam, kai ko inuwarka sai ka waiwaya ka duba ta.” To, halin yana nan. Na fara zargin ɓarayin awaki, na bi bayan danga ina neman sawu, babu. Na zargi maciji, na leƙa ƙarƙashin rumbu, babu. Na ji tsoron ko haukan kare ne, na aje masa ruwa, ya sha sarai, ya ci abincinsa, ya kaɗa mini wutsiya.

Ina cikin wannan, ashe mata sun riga ni samun amsa.

Ƙawarki Kande ce ta tsaya a madadinki. Ita ta karɓi haihuwar, ita ke zuwa safe da la'asar ta ɗora ruwan wankan jego, ta gasa Zuwaira da ganye, ta dama mata kunun kanwa. Wani ya lura cewa da Kande ta sako kai ƙofar gida, Duna yake farawa. Wani ya ƙara da cewa kare yana ganin abin da mutum ba ya gani. Ba wanda ya furta kalmar maita a gabana. Amma na ga an ƙara wa jaririya laya. Na ga hira tana mutuwa in Kande ta yi sallama. Na ga Ai, matar ƙanena Idi, ta karɓe jaririya daga hannunta da sauri, wai za ta sa mata kwalli, alhali kwallin safe ko gogewa bai yi ba.

Kin fi ni sanin abin da kalmar nan take yi wa tsohuwar da ba miji, ba ɗa namiji a gari. A daina sayen ƙuli-ƙulinta. A hana yara cin abin hannunta. In wani yaro ya yi zazzaɓi, a nufi ƙofarta.

Sai na ɗauko kaba na zauna gindin itacen bedi a tsakar gida, kamar tufkar igiya ce ta dame ni. Ban yarda da Ai ba, ban yarda da Duna ba, Kanden ma na sa mata ido.

Ga abin da na gani. Da ta shigo, wajen rabin tanon nan take nufa, wato gangar ƙarfen da ake dafa ruwan wanka a ciki. Ta jawo shi kan duwatsun murhu ƙiiii, ta bubbuga gindinsa don toka ta zube, ta sako bokiti ya yi ƙwal. Kukan kwanon da ya faɗo wa Duna ke nan sak, kuma turkensa yana nan dab da murhun. Kare ya gane cewa in wannan fuska ta shigo, ƙarar tana biye. Shi ya sa yake farawa tun daga ƙofa.

Ban tsaya nan ba, don ni ko idona ba na gaskatawa sau ɗaya. Da rana tsaka, Kande ba ta nan, na doki tanon da sanda. Duna ya yi kamar zai tsinke igiya. Sannan na roƙi Ai ta jawo mini shi gefe, wai zan gyara murhu. Tana ja ya taso mata da haushi har ta saki ta ja baya. Na dube ta kawai, na ci gaba da tufkata.

Amma na makara. Da la'asar ɗin Kande ba ta zo ba. Ta aiko wai gwiwa ce ta kama ta. Kashegari na hango ta a bakin pompo da bido, jarkar ruwa, a ka, tana tafiya garau. Na san magana ta kai mata.

Na fara da abin da ke hannuna. Na hana ɗanki jifan Duna da hoge da daka masa tsawa, don mai tsoron ƙara in ka yi masa tsawa, ƙarar ka ƙara masa. Na cire turkensa daga tsakar gida na kai bayan rumbu, na yi masa 'yar rumfar zana, na shimfiɗa tsohon buhu. Da safe ina tafiya da shi gona ɗaukar kara, ya yi gudunsa ya dawo a gajiye. Tanon kuma na girke shi wuri guda, na ce kada a sake jan sa, na yi masa murfin katako.

Kin tuna jakinmu mai tsoron kamiyo, babbar motar kaya, yadda muka riƙa tsayawa da shi nesa da gudro, hanyar kwalta, muna ba shi dusa, muna matsawa kaɗan-kaɗan har ya saba? Haka nake yi wa Duna. In ƙwanƙwasa ƙarfe a hankali daga nesa, in jefa masa ƙanzo. In ya ɗaga kunne bai yi haushi ba, in ƙara masa. In ya yi haushi, na san ni na yi gaggawa, sai in ja baya in rage ƙarar. Aiki ne mai cin lokaci, suna kuwa ba ya jira.

Ana gobe suna na tafi gidan Kande da goro. Daga bayan zana ta amsa mini, ta ƙi fitowa. Na faɗa mata zancen tano duka. Ta ce, “Malam, magana zarar bunu ce.” Na ce wadda ta karɓi haihuwa ita ke riƙe jariri wanzami ya yi aski, haka muka gada, kuma ko an yanka rago, aska ba za ta taɓa kan jikata ba sai a cinyarta. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Da safen suna Duna ya yi wa kowa rabonsa daga bayan rumbu. Ya yi wa moton liman haushi, ya yi wa maroƙi, ya yi wa mai amalanken da ya kawo tabarmi. Na ce wa maza, da ƙarfi yadda mata za su ji ta bayan danga, in haushin Duna shaida ne, to da liman za mu fara. Aka yi dariya. Wasu ba su yi ba, kuma na riƙe fuskokinsu.

Aka raɗa suna, aka shafa fatiha, wanzami ya shiga cikin gida ya baje askakensa. Kande ba ta zo ba. Ai ta gyara zama ta miƙo hannu, na ce a dakata. Rana ta ɗaga, wanzami yana duban inuwa, yana da wani askin a garin Attantane. Ai ta sake miƙo hannu. Sai na karɓi jaririya da kaina, na tsaya tsakiyar mata da ita a ƙirjina, tsoho da ni, ana ta kallona.

Can sai ga Kande a ƙofa, da mayafinta na zuwa biki. Wata yarinya ta rangaɗa guɗa, Duna ya amsa daga bayan rumbu. Ido duk ya koma kan Kande. Na ga ta juya za ta fita.

Ban san na iya sauri haka ba. Na tare ta, na ɗora mata jaririya a hannu, na saki. Dole ta riƙe. Ta zauna kan turmi, wanzami ya jiƙa gashi ya fara aiki, Duna yana ta haushinsa, yarinya kuwa barcinta take. Kande ta tambayi sunan. Zuwaira ta ce sunanki aka sa. Ta daɗe tana duban fuskar, sannan ta ce, “Ashe an mayar mini da ƙawata.”

Yanzu ta dawo wankan jego. Ita ke jefa wa Duna ƙanzo in ta shigo, har ya fara tarbarta da wutsiya. Bai warke ba. In hadari ya yi tsawa ko moto ya wuce kusa, yana yi, sai dai in na zauna kusa da shi shiru yakan kwanta.

Wanda ya fara maganar nan har yau ban tabbatar ba. Ina da wadda nake zato, amma na ga abin da zato ya so ya yi wa Kande, don haka na bar sunan a cikina. Akwai gidajen da har yanzu ba su koma sayen ƙuli-ƙulinta ba. Na san su. Kullum ni nake saye, in zauna ƙofar gida inda kowa ke wucewa, in riƙa gurgura da 'yan haƙoran da suka rage mini.

Uwargida, da kina nan da abin bai kai haka ba. Kallo ɗaya za ki yi wa tsakar gida kowa ya shiga taitayinsa. Ni sai da na sha zaman tufka. Na yi iyakar yina a kan ƙawarki. In na zauna da jikarki a hannu da hantsi, nakan juya in ce ki zo ki ga yadda take murmushi cikin barci, sai in tuna.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya raya takwararki a kan imani. Allah ya rufa wa Kande asiri, ya tsare ta daga bakin mutane, mu kuma ya tsare mutane daga bakinmu. Amin.

Naki har kullum,
Maigidanki, angon jikarki.