Kafaɗar da Ta Kasa Ɗaukar Ki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, an yanko ƙashi a ƙuguna an dasa mini a kafaɗa. Ni da aka yi wa ma har yau ban gama yarda ba.

Kin san kafaɗar. Tun kayen da na sha a kokawar garin Tsauni take gocewa, ko riga zan sa sai na lallaɓa ta. Kina ɗaure mini ita da tsohon zanenki kina cewa, "Sani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, je a duba ka." Ni kuwa ga kunnen ƙashi.

Ranar da aka fito da ke, na sa kafaɗa ƙarƙashin makara. Ba mu kai bakin layi ba ta goce. Wani ya karɓe ni. Duk garinmu Matameye ya ɗauke ki, ni ɗanki ina biye a baya riƙe da hannu. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Shi ya kai ni asibiti a Yamai. Lokotoro, wato likita, ya ce bakin gurbin kafaɗar ne ya cinye, sai an ƙara masa ƙashi. Na tambaye shi ƙashin wa, na rago ko na mamaci? Ya yi dariya ya ce nawa.

Na yi zaton za a buɗe ni kamar ragon layya. Da na farka, 'yan huji na gani a kafaɗar, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Wai ta nan suka zura kyamara, ta nan ƙashin ya wuce! Ƙanwarki Hajiya Rabi ta leƙa, ta riƙe baki, ta rantse an yaudare ni, ba a yi aikin komai ba. Sai da na nuna mata ɗinkin ƙugu.

Na daɗe da hannu a rataye. Jiya 'yata, takwararki, ta miƙo hannu tana kuka. Na tsaya ina tsoro, Inna, sannan na ɗaga ta na aza a kafaɗar. Ba ta goce ba. Na zagaya tsakar gida da ita ina kiran ta Inna, hawaye na zuba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.

Ɗanki mai kewar ki,
Sani