Kifin da na ba Gado

Abijan, 1964

Zuwa ga Inna, a Dumega.

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Yaya surukarki Ajuma da nauyin jiki? Ni lafiya lau, sai ɗan ƙaiƙayi a hannu, ba wani abu ba ne.

Inna, kyafaffen kifin da na ba Gado ya kawo muku, don Allah kada kowa ya ci. A bayan wata ma'aikatar fenti muka kama shi. Tun bara suka daina zuba datti, ruwan ya yi garau, na ce ai kamar tabkinmu ne, in ya kwanta sai a sha. Ashe gubar tana cikin laka, kifin kuwa can yake kiwo. Jiya na feɗe goma, bakwai hantarsu ta ruɓe.

Na san ki, ba kya zubar da abinci, kuma mai ciki za ki fara ba. Ki binne shi da zurfi.

Gado ya riga takardar nan tashi da kwana tara. Allah ya tsare. Inna, ki sa Liman ya rubuto mini ko Ajuma ta ci.

Ɗanki,
Mahmuda